Kwamfutar da ba ta tashi sai ta sha rana: gyaran akwatin wutarta a gida, a Damagaram

Kwamfutar ta tebur ce, irin siririyar nan ta ofis da ake shigowa da ita gwanjo daga Amurka. Ta yayata ce, kuma da ita take cin abinci. Tana da ɗan shago a jikin zauren gidansu a unguwar Zango, inda take buga wa mutane takardun neman aiki, da katin ɗaurin aure, da kundin kammala karatu na ɗaliban Jami'ar André Salifou. Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, ranar babu ciniki.

Ciwon ya fara ne da shigowar hunturu. Da safe a danna maɓalli, shiru. Wani lokaci fanka ta ɗan motsa ta tsaya, wani lokaci ko motsin babu. Sai wajen hantsi, in an sake dannawa, ta tashi garau, ta yi aiki har dare ba tangarɗa. Yaya da kanta ta gano dabara: ta sa yara su fitar da ita tsakar gida ta sha rana, a mayar da ita a jona, sai ta kama. Da sanyin Janairu ya kankama, shan ranar ma ya fara gazawa.

Kafin maganar ta iso gare ni, mutum biyu sun taɓa ta. Na farko ya ce Windows ce ta lalace, ya goge ya sake zubawa, ya karɓi kuɗinsa. Na biyu ya canza ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allo, wato faifan da duk sassan kwamfutar suke jone a kansa. Ban ga laifin na biyun sosai ba, batirin ba shi da tsada kuma yakan ƙare. Amma na farkon bai tsaya ya yi tunani ba. Na'urar da fankarta ba ta juya ba, ai ba ta ma kai ga karanta diski ba, balle a ce Windows ce ta hana ta tashi.

Abin da akwatin wuta yake yi

Akwatin wuta, wanda masu gyara a nan suke kira alimantasiyo, shi ne ƙarfen nan mai fanka da igiyar wuta take shiga ta bayansa. Yana karɓar volt 220 na gidan wuta, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ya miƙar da ita ta koma kimanin volt 310 mai bin hanya ɗaya, ya daddatsa ta sau dubbai a daƙiƙa ya tura ta cikin taransifoma, sannan ya fitar da ƙananan wutar da kwamfuta take ci. Tsarin da yawancinsu suke bi shi ne ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, kuma launin wayoyin ya nuna aikin kowace. Rawaya volt 12 ce, ja volt 5, ruwan goro volt 3.3, baƙaƙe kuwa su ne ƙasa. Ƙa'ida ta yarda kowace daga cikin ukun nan ta yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari kawai. Wato rawaya daga 11.4 zuwa 12.6, ja daga 4.75 zuwa 5.25.

Akwai wasu wayoyi uku da ba a cika kula da su ba, alhali a wajensu labarin tashi yake. Shunayya tana ɗauke da volt 5 na jiran aiki, wanda yake nan muddin igiya na jone, ko an kashe kwamfutar. Kore ita ce ta ba da umarni: in an danna maɓalli, babban allo ya haɗa ta da ƙasa, sai akwatin ya tashi. Ruwan toka kuma ita ce take kai wa babban allo labarin cewa wuta ta daidaita, ya fara aiki. In shunayya ta yi rauni, babban allo ba shi da ƙarfin jan kore, kuma a akwatuna da yawa ɓangaren nan na jiran aiki shi ne yake ciyar da ƙwaƙwalwar da take tayar da babban ɓangaren. Wato cikin akwatin akwai ƙaramin gidan wuta da babba, kuma ƙaramin ne yake tashin babban.

Me ya hana a sayi sabo?

Ita ce tambayar farko da na yi wa kaina, don ni a wajena in akwai sabo mai kyau a kusa, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mai kaya ba, saye ya fi gyara. Amma wannan akwatin dogo ne siriri, samfurin da ake kira TFX, wanda aka yi don siraran kwamfutocin ofis. Waɗanda ɗan yayata ya samu a shagunan cikin gari duk manya ne masu kusurwa huɗu, ba za su shiga ba sai dai a ajiye su a waje wayoyi na reto. Na ɗaga ɗaya da ya karɓo don a gwada, an rubuta wat 500 a jikinsa, amma ba shi da nauyin kirki. Akwatin wuta mai gaskiya yana da nauyi, saboda tagulla da ƙarfen shan zafi da ke cikinsa. Nata na asali wat 250 aka rubuta, ya kuma fi wancan nauyi nesa ba kusa ba. Samun irinsa sai an yi saƙo Kano, ko Yamai mai nisan kusan kilomita 900, kuma abin da zai zo ɗin ma gwanjo ne mai shekaru irin nasa.

Sai na ce wa Yaya a ba mu shi mu gwada a gida, ni da ɗanta da yake karatun fasaha. Ni da ma na daɗe ina taɓa rediyo da talabijin. Ta ce, «Ku dai kada ku ƙarasa mini ita, ɗalibai na jira.»

Awo kafin a kwance

Mun ciro akwatin daga cikin kwamfutar, ba mu buɗe murfinsa ba, muka ajiye shi kan teburin katako da sassafe, lokacin da ciwon yake tashi. Na jona shi, na ɗora mita, abin auna wuta, tsakanin shunayya da baƙa. Ta nuna volt 4.9. Yaron ya ce, «Kawu, ai lafiyarta ƙalau.» Na ce ya dakata tukuna, wayar da ba a ɗora wa kaya ba ba ta faɗin gaskiya. Muka rataya mata kaya, wato abin da zai ja wuta: razista mai om 10, ɗan abin da yake taƙaita gudun wuta, wadda za ta ja kimanin rabin amfiya. Nan take lambar ta faɗo ƙasa da 4, tana hawa tana sauka.

Daga nan muka yi gwajin da kowane mai gyara ya sani: aka lanƙwasa guntuwar waya aka haɗa kore da baƙa a kan babban kan nan mai rami 24. Wannan daidai yake da danna maɓalli. Fanka ta yi ɗan motsi ta tsaya.

Gwaji na uku shan ranar Yaya ne ya koya mana shi. Yaron ya aro abin busar da gashi wajen wata mai kitso a layinsu, muka hura iska mai zafi ta ramukan murfin na ɗan lokaci, muka sake haɗa kore da baƙa. Fanka ta juya, da ƙyar dai, tana gurnani. Shunayya ta tsaya a kan 5 har da kayan da muka ɗora mata.

Abin da zafi yake tayarwa sanyi ya kwantar, a cikin akwatin wuta, kusan kullum kondansa ce da ta tsufa. Aikinta duk ɗan Damagaram ya san irinsa: famfo ya zo ya ɗauke, amma mai randa yana ɗiba a kowane lokaci. Wutar da take fitowa daga taransifoma a gutsuttsure take zuwa, kondansa ce take tarawa ta miƙa ta a daidaice. A cikinta akwai siraran fallayen alminiyom biyu da aka naɗe da takarda mai jiƙe da wani ruwa. Shekaru da zafi suna ƙafar da ruwan. In ya ragu, abin da take iya riƙewa ya ragu, kuma turjiyar cikinta, wadda ake kira ESR, ta ƙaru. Sanyi yana ƙara wannan turjiyar, zafi yana rage ta. Shi ya sa kwamfutar ta yi ta aiki a bazara ba wanda ya san tana ciwo, sai da dare ya fara sauka wajen digiri 15 asirin ya tonu.

Buɗe murfin

A nan ne aikin yake da haɗari, kuma ba na so a karanta wannan wurin a guje. Cire igiya daga soket ba ya nufin wuta ta fita daga akwatin. Manyan kondansa biyu da ke kusa da mashigar wuta, masu volt 200 kowace, suna raba volt 310 ɗin nan a tsakaninsu, kuma suna iya riƙe shi bayan an cire. Akwai razistocin da aka sa su riƙa tsiyaye su, amma ba a dogara da abin da ba a auna ba. Na sa yaron ya sa takalmin roba, don daɓen siminti ne a ɗakin, ya cire agogonsa na ƙarfe. Muka buɗe, na auna, akwai sauran wuta. Da ƙwan fitila mai zare muka tsiyaye ta, wanda aka ɗaura wa wayoyi biyu masu rufi. Ya yi ɗan ja ya mutu, muka sake aunawa har mita ta nuna kusan sifili. Masu taɓa ƙafafun da bakin sukudireba don su ji ƙarar tartsatsi suna cin layin tagullar allon ne, wata rana kuma su ci idonsu. Na kuma nuna masa ƙarfen shan zafi na ɓangaren shigowar wuta, na ce in akwatin yana jone kada hannunsa ya kai can, don a wasu akwatunan ƙarfen kansa yana ɗauke da wuta.

Abin da muka tarar a ciki ƙura ce da ta daskare kamar bargo, ja-ja irin ta hunturu, ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen shan zafi ta lulluɓe taransifoma. Da buroshin fenti muka share. Da ta washe, sai ga kondansa biyu a ɓangaren fitar wuta, masu mikrofarad 2200 (ma'aunin yawan wutar da kondansa take iya riƙewa ke nan), kansu ya kumbura ya yi tozo. Ɗaya ta tsage a kan tsagar nan da ake yi musu a sama, wani abu mai launin tsatsa ya bushe a bakin.

«Kawu, ga ɓarayin nan!»

Na ce ɓarayi ne, kuma dole su fita, amma ya bi layin tagullar ya ga inda suka nufa. Ya bi da yatsa: ɗaya kan jar waya take, ɗaya kan ruwan goro. Babu wadda take kan shunayya. Mita kuwa shunayya ta nuna mana. Bai gamsu ba, don abin da ido ya gani ya fi shiga rai. Tun da canza su za a yi ko ta yaya, na bar shi ya fara da su, ya ga abin da zai faru.

Kayan ya samo su wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a kusa da Kasuwar Dole. Na rubuta masa abin da zai duba. Mikrofarad ya zama daidai da na tsohuwar. Volt ya zama daidai ko ya fi, kada ya gaza. A jikinta a ga an rubuta digiri 105, ba 85 ba. Ta kasance mai ƙaramin ESR, irin da aka yi don akwatin wuta, ba ta cikin rediyo ba. Na ce ya tafi da tsohuwar a aljihu saboda tsawo da kauri, don akwatin siriri ne, in ta yi tsawo murfi ba zai rufu ba. Sunaye irin su Nichicon da Rubycon da Panasonic su ne aka sani da inganci, sai dai ana buga jabunsu, don haka sunan kaɗai ba ya isa shaida.

Kafin ya ɗora ƙarfen liƙi na sa ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Irin wannan kondansa tana da gaba da baya, ratsin da ke gefenta shi ne yake nuna ƙafar ragi, wato mai alamar (−), in aka juya ta fashewa take yi. Ya yanke farin gam ɗin da aka manne su da shi, ya ƙara sabuwar dalma kan tsohuwa don ta yi saurin narkewa, ya zare ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya fizga ba. Liƙinsa ya yi kyau, mai sheƙi, ba dunƙule ba.

Jonawar farko bayan gyara ba kai tsaye muka yi ta ba. Mun ratsa ƙwan fitila mai wat 100 a kan wayar shigowa, ta yadda duk wutar da akwatin zai ja sai ta bi ta cikinsa. In ya haska ya dushe, babu gajeriyar hanya a ciki. In ya haska ya tsaya da haskensa, a cire, akwai abin da ya haɗe. Sai ƙwai mai zare yake yin wannan aikin, na zamani masu farin haske ba sa yi, kuma nemansa yanzu ya zama aiki. A ɗakin ajiyar wani maƙwabci muka samo. Ya haska ya dushe.

Muka bar akwatin ya kwana a tsakar gida. Bayan sallar asuba aka haɗa kore da baƙa. Fanka ta motsa ta tsaya, kamar jiya.

Waɗanda ba su kumbura ba

Yanzu yaron da kansa ya bi shunayya daga bakinta ya koma baya. Ta kai shi ga wata matsakaiciyar kondansa mai mikrofarad 470, daga nan zuwa ƙaramar taransifoma, a ɗaya gefenta kuma ga wata 'yar mitsitsiya mai mikrofarad 47 da volt 50, wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Kan dukansu a shafe yake, babu kumburi babu tsatsa. Amma da na kawo fitilar waya kusa, allon da ke ƙarƙashinsu ya yi duhu kamar an gasa shi, kuma rigar ledar ƙaramar ta ja baya ta bar wuyan alminiyom a fili. Da aka ciro ta, mitarmu mai auna mikrofarad ta nuna 19 a maimakon 47.

Ƙananan kondansa ba su cika kumbura ba, ruwan cikinsu kaɗan ne, bushewa suke yi shiru. Kuma su ne suka fi kowa wahala a cikin akwatin. Babban ɓangare yana hutawa in an kashe kwamfuta, ɓangaren jiran aiki kuwa ba ya hutawa muddin igiya na soket, kuma a lokacin fanka ba ta juyawa, zafinsa a wurin yake zama. Mun canza su biyun, muka haɗa da sauran ƙananan da ke kewayen, tun da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba kuma shekarunsu ɗaya.

Washegari da asuba ya tashi a haɗawar farko. Muka ɗora masa kaya: ƙwan birkin mota mai wat 21 a kan rawaya, tsohon diski a kan ja da rawaya. Rawaya 12.1, ja 5.05, ruwan goro 3.35, shunayya 5.0, ruwan toka ta hau. Sai da ya yi awanni a haka lambobin ba su gusa ba, sannan na yarda a mayar da shi jikin kwamfutar. Duk kayan da aka saya ba su kai jika biyu ba.

Abin da ya ƙafar da su

Da an tsaya nan, da bayan 'yan shekaru an koma gidan jiya. Masu ƙera kondansa suna rubuta tsawon ranta a kan wani zafi, misali awa 2000 a digiri 105, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka ran sau biyu. A digiri 65 ke nan za ta yi awa 32,000, shekara uku da rabi da ɗoriya in ba a kashewa. A digiri 75 ta koma 16,000, bai kai shekara biyu ba. Mai digiri 85 kuwa, in an sa ta a 65, awa 8000 ce, shekara ɗaya ma ba ta cika ba. Shi ya sa na dage a kan 105.

To a duba inda kwamfutar take zaune. Shago ne mai rufin kwano, a garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40 a inuwa. Kafinta ya yi mata gida a cikin tebur, rufe ta gefe uku, wai don ƙura, sai iskar da ta fitar take sake shaƙa. Ƙurar ma ba ta fasa shiga ba. Fankar akwatin kuma ta riƙe, in ka juya ta da yatsa ba ta zagaye ɗaya. Mun ɗaga takardar bayanta muka ɗiga mata man keken ɗinki, ta saki, amma wannan na ɗan lokaci ne. Daga baya aka samu wata mai milimita 80 daga jikin mataccen akwati aka sa. Kafinta ya zo ya cire katakon bayan teburin. Igiyar kuma yanzu tana kan abin jona wuta mai makunni, in an tashi aiki a kashe gaba ɗaya.

Wani abu da na yi kafin mu rufe: a bayan akwatin akwai ɗan jan makunni mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen, saboda Amurka da volt 120 take aiki. In yaro ya tura shi zuwa 115 aka jona a wutarmu, manyan kondansar nan za su sha ninkin abin da aka yi su dominsa, ƙara ɗaya za a ji. Na manne shi a kan 230.

Ba kowane akwati zan ce a buɗe a gida ba. Wannan ya gyaru ne don ciwonsa na tsufa ne, a hankali ya zo, fiyus ɗinsa lafiya, babu abin da ya ƙone. Wanda ya mutu farat ɗaya bayan tsawar damina, ko lokacin da aka tayar da injin wuta, aka buɗe aka ga fiyus ya yi baƙi ga ƙaurin ƙuna, wannan taransistocinsa ne suka haɗe, kuma sukan tafi da wasu abubuwan tare da su. A kai wa mai kayan aiki, ko a nemi wani. Masu ɗaure fiyus da zaren tagulla kuwa, fiyus bai yanke don ra'ayin kansa ba. Haka kuma in aka auna shunayya aka ga ta haura 5.25 sosai, kada a sake jona shi da kwamfutar ko sau ɗaya, don a wasu akwatunan masu araha lalacewar ɓangaren nan sama take tura wutar, ta kashe babban allo.

Abu biyu suka rage ba mu yi ba. Yaya ta daɗe tana cewa jikin kwamfutar yana ɗan jan hannu in ta taɓa shi ba takalmi. Wannan ba daga gyaran ba ne: akwatin yana da wasu ƙananan kondansa na tace hayaniyar wuta da suke zubarwa a jikin ƙarfen, wayar ƙasa ce ya kamata ta kwashe, shagon kuwa waya biyu aka ja masa, babu ta ukun. Sai an kira mai aikin wutar gida ya kafa ƙarfe a ƙasa. Na biyun kuma, lokacin da muke mayar da akwatin, yaron ya hango wata kondansa a kan babban allo, kusa da ƙwaƙwalwar kwamfutar, kanta ya fara tasowa. Allon nan fallaye da yawa gare shi, yana shanye zafi, ƙaramin ƙarfen liƙinmu ba zai narkar da dalmarsa da kyau ba, sai mun aro mai ƙarfi. Na gaya wa Yaya. Ta ce a bari sai ɗalibai sun gama kare kundinsu, kafin nan ta sa yaron ya kwashe mata duk takardun mutane ya zuba a wani diski na daban.